Aikin likitan iyali a kwanakin ƙarshe na majinyaci

Idan likitocin asibiti suka tabbatar cewa cuta ta wuce magani, iyalai da yawa kan ɗauka aikin likita ya ƙare, sai su koma gida da majinyaci suna kwana da nishinsa. Masana kiwon lafiya kuwa sun ce a nan ne wani aikin ke farawa, wato kulawar rage raɗaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, amma kusan kashi 14 cikin 100 kawai ke samun ta.

A Birtaniya, babban kaso na wannan nauyi yana wuyan likitan iyali, wanda suke kira GP. Shi ne likitan unguwa da mutum ke rajista a wurinsa, ya san tarihin ciwonsa, sau da yawa ma ya san iyalinsa. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ke rasuwa a ƙasar duk shekara, don haka likitan da ke da majinyata 2,000 yakan rasa kimanin 20.

Aikinsa na farko shi ne ya gane su waye waɗannan tun da wuri. A shekarar 2000, wata likitar iyali, Keri Thomas, ta ɓullo da tsarin Gold Standards Framework. A ƙarƙashinsa likita kan tambayi kansa ko zai yi mamaki idan majinyacin ya rasu cikin shekara guda. Idan ba zai yi ba, sai a sa sunansa a rajista ta musamman, likitoci da ma'aikatan jinya su riƙa bibiyar halinsa. Ba masu ciwon daji kaɗai abin ya shafa ba, har da masu ciwon zuciya, huhu, ƙoda da ciwon mantuwa na tsufa.

Na biyu shi ne zama da majinyaci da danginsa tun yana cikin hayyacinsa. A nan ake jin inda ya fi son a yi jinyarsa, ko yana son a mayar da shi asibiti idan jiki ya rikice, da kuma wanda zai yanke shawara a madadinsa. Wata dokar 2005 a Ingila da Wales ta ba mutum damar naɗa irin wannan wakili a rubuce.

Na uku shi ne magani. Likitan kan rubuta allurai a ajiye a gida tun kafin a buƙace su: morfin domin zafin ciwo da sarƙewar numfashi, da maganin amai, da na fargaba, da na majinar da ke taruwa a maƙogwaro. Idan majinyaci ya kasa haɗiya, ma'aikatan jinya kan sa masa wata ƙaramar na'ura mai tura magani a ƙarƙashin fata tsawon sa'o'i 24. Dangi da dama na tsoron morfin, suna ganin yana gaggauta mutuwa. Likitoci sun bayyana cewa idan aka ba da shi daidai gwargwadon zafin ciwo, sauƙi yake kawowa, kuma wannan daban ne da taimaka wa mutum ya mutu.

A 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta buƙaci ƙasashe su shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu, kuma Sanarwar Astana ta 2018 ta lissafa ta cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. Uganda ta riga ta nuna hanya: tun 2004 ta ba ƙwararrun ma'aikatan jinya izinin rubuta morfin, saboda ƙarancin likitoci.

A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen wannan kulawa a 2007. Sai dai mafi yawan gidaje ba su da likita guda da ya san su, kuma morfin na wahalar samu a wajen manyan asibitoci. Iyalin da aka sallamo musu majinyaci na da haƙƙin tambaya kafin su bar asibiti: wane magani za a ba shi idan ciwon ya tsananta, a ina ake samunsa, kuma wa za a kira da tsakar dare.