"Mama, a saya mini Nemo": abin da za ki sani kan motsin ruwa kafin ki kawo teku falonki

Wata ƙawata da aure ya kai Jidda ta kira ni kwanakin baya ranta a ɓace. Tun ranar da suka je gidan kallon kifaye autanta ya hana ta sakat, wai sai an saya masa ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane, wanda yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003. Maigidan ya zuba kuɗi masu kauri, aka kafa musu tankin gilashi mai cin lita 200, da duwatsu da fitila da murjani masu rai. Ba a rufa wata biyu ba murjanin suka tsuke, wani jan yauƙi ya lulluɓe yashin, yaro kuwa kullum da hawaye. Ta canza abinci, ta canza fitila, shiru. Ashe ruwan ne ba ya motsi yadda ya kamata.

Mu dai a wuya muka san murjani, ko cikin kayan kwalliyar kakanninmu. Na asali daga Bahar Rum ake ciro shi, kuma garin Torre del Greco na Italiya ya yi suna wajen sassaƙa shi. Na tanki danginsa ne na ruwan ɗumi, irin na Bahar Maliya, kamar na Sanganeb da ke gaban Fot Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne murjani dabba ne. Ƙananan halittu ne masu baki da 'yan hannuwa, a manne wuri guda har mutuwarsu. Ba sa zuwa neman abinci, ba sa kauce wa ƙazantarsu. Igiyar ruwa ce ke kawo musu abinci da iskar oksijin, ita ce kuma ke wanke musu jiki. A falonki babu igiya, sai wadda kika saya.

Injinan iri biyu ne, kuma a nan mai shago ya bar ƙawata cikin duhu. Akwai wanda ke ƙasan tanki, yana ɗago ruwa daga matata ya mayar sama. Aikinsa tacewa ne, kuma ƙarfinsa na raguwa wajen hawa bututu, don haka adadin da aka rubuta a kwali ba shi ke isowa ba. Shi kaɗai ƙawata take da shi. Na biyun shi ne ɗan injin mai farfela da ake manna wa gilashi da maganaɗisu, kamar fanka a cikin ruwa. Wannan ne ke yin igiyar.

Masu kiwon murjani suna da lissafin da suke bi, ko da yake ba doka ba ce. Idan murjani masu taushi ne, injinan su juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a awa. Masu tauri masu rassa kamar ƙahon barewa suna son sau 40 zuwa 50, wani lokaci fiye. Ke nan a tankin lita 200, masu taushi na buƙatar lita 2,000 zuwa 4,000 a awa, masu rassa kuwa 8,000 zuwa 10,000. Shawarata, mai farawa ta tsaya kan masu taushi. Sun fi haƙuri da kuskure, sun fi sauƙin kuɗi.

Amma yadda ruwan ke tafiya ya fi adadin muhimmanci. Ki tuna bambancin tsayawa gaban tiyo da shiga rafi. Inji mai ƙaramin baki da ke harba ruwa wuri guda zai iya saɓule naman murjani ya bar ƙashi fari, alhali can bayan duwatsu ruwa na kwance, datti na taruwa, jan yauƙin nan na samun gindin zama. Ƙanana biyu masu faɗin baki, ɗaya dama ɗaya hagu suna fuskantar juna, sun fi babba guda ɗaya, domin inda ruwansu ya haɗu yakan hautsine ya bi ko'ina. In ɗaya ya lalace kuma, ɗayan zai riƙe gida. Ki ɗan karkata ɗaya sama har fuskar ruwa ta riƙa rawa, don ta nan iska ke shiga.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura, yara ma za su so shi. Ki barbaɗa ɗan abincin kifi ku bi shi da ido. Duk kusurwar da ya je ya kwanta, ruwa bai isa can ba. Idan yashi na tashi yana yin tudu, ko murjani ya kwanta gefe guda kamar dawa a guguwa, ƙarfin ya yi yawa. Abin da ake so shi ne ki ga hannuwansa a buɗe suna lilo a hankali.

Ga mai zama Kano ko Zinder ko Kumasi, babbar tambayar ita ce wuta. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe oksijin ba, kuma yana ƙara ɗumi yana ƙara rasa shi. Injina suka tsaya da daddare, cikin 'yan awanni kifaye za su fara haki a sama. Shi ya sa na fi son injinan da ake rage wa gudu, masu aiki da wutar batir ta bolt 12 ko 24. Tunze na Jamus da EcoTech na Amurka suna yin su da tsada, Jebao na Sin ya fi araha. Wutar da suke ci kaɗan ce, ƙaramin batir zai riƙe ɗaya tsawon dare. Sai kuma zafi. Murjani na son digiri 24 zuwa 27, bazararmu kuwa takan haura 40, kuma kowane inji da ke cikin ruwa na ƙara nasa ɗumin. In gidanki babu sola ko inbata mai ƙarfi da ɗaki mai sanyi, gaskiya ki lallashi yaron da kifin ruwan daɗi tukuna. Nemo ya jira.

Ruwan gishiri da lantarki kuwa ba a wasa da su a gidan yara. Soket ya kasance sama inda hannu ba ya kai, mai gyaran wuta ya sa makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta zurara, kowace waya kuma ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. Maganaɗisun injinan na matse yatsa. Wasu murjani da ake kira Palythoa na ɗauke da guba mai tsanani, don haka safar hannu dole ce, kuma kada a taɓa tafasa dutsen tanki, tururinsa kaɗai ya isa ya kwantar da gida. Bayan kowane wata biyu ko uku a cire injinan a jiƙa su a ruwan khal, a goge farar ƙasar da ta daskare a farfela, in ba haka ba gudunsu zai ragu ba ki sani ba.

Ƙawata ta sayi ƙanana biyu, kowane na tura lita 2,000 a awa, ta zuƙe yauƙin da bututu. Bayan sati uku ta turo mini bidiyo: murjani huɗu sun buɗe suna lilo, na biyar ya riga ya mutu, sun cire shi. Autan ne yanzu ke barbaɗa abinci kowace Asabar yana duba kusurwoyi.