Yanayin Duniyar Proxima b a Ƙarƙashin Jan Tauraro

A watan Agusta na shekarar 2016 masana ilimin taurari masu aiki da na'urorin hangen nesa a ƙasar Chile suka sanar da gano duniyar Proxima b, wadda take kewaya Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowane kusanci da rana, ko da yake haskensa yakan shafe fiye da shekara 4 kafin ya iso nan. Tauraron yana cikin jinsin jajayen wadanni, wato ƙananan taurari masu raunin haske da ƙarancin zafi, waɗanda su ne kimanin kashi uku cikin huɗu na gungun taurarin da rana take ciki.

Saboda wannan rauni, ruwa ba ya tsira daga daskarewa sai a duniyar da ta matso kusa ƙwarai. Tazarar Proxima b da tauraronta kusan kilomita miliyan 7 ce, alhali tsakanin duniyarmu da rana akwai kilomita miliyan 150, shi ya sa take kammala shekararta cikin kwana 11. Masana na kyautata zaton cewa kusancin ya sa fuska ɗaya take nuna wa tauraron kullum, kamar yadda wata yake yi wa duniyarmu. Idan haka ne, mai tsayuwa a ɓangaren haske zai ga tauraro ja-ja, wanda faɗinsa a ido ya ninka na rana sau uku, a kafe wuri guda, inuwar dutse ba ta gusawa, yayin da ɗaya ɓangaren yake cikin dare da ƙanƙara har abada.

Iska za ta iya sassauta wannan rabuwa, domin idan tana da kauri za ta riƙa kwasar zafi zuwa ɓangaren duhu. Sai dai jajayen wadanni sukan yi aman wuta mai tsanani, irin wanda aka gani daga Proxima Centauri a watan Mayu na 2019, kuma yawan hakan yana iya zaizaye iskar duniya gaba ɗaya. A 2023 na'urar hangen nesa ta James Webb ta nuna alamar cewa duniyar TRAPPIST-1 b, wadda ita ma jan wada take kewayawa, ba ta da iska mai kauri.

Don haka binciken iskar waɗannan duniyoyi ya cancanci a ba shi fifiko, tun da a kansa ne hukuncin yiwuwar rayuwa a kusa da mafi yawan taurari ya rataya.