Mai Tsara wa Mutane Hanya: Sana'ar Ejan Tafiye-tafiye a Ƙasar Gwarzo

Idan kaka ta yi a ƙasar Gwarzo da Kabo, aka ɓare masara, aka casa waken suya, aka ɗaure dawa, kuɗi kan shigo hannun manomi a dunƙule, abin da ba ya samuwa a sauran watannin shekara. A lokacin ne dattijon da ya daɗe da niyya a zuci yake sayar da buhuna da bajimin da ya turke, ya nemi wanda zai tsara masa hanyar Makka. A gari irin Kutama, wanda ake nema ɗin nan shi ne ejan, kuma galibi ɗan gari ne da aka san gidansu da mahaifinsa. Ba shi da jirgi, ba shi da otal, ba shi ne ke buga biza ba. Hajarsa ita ce sanin abin da ya kamata a fara yi, da abin da zai biyo baya, da ranar da ƙofa za ta rufe.

Sana'ar tana da tushe mai nisa a ƙasar Hausa. Zamanin fatauci, madugu ne ke tsara tafiyar ayari zuwa Gwanja ɗauko goro: ya san zangon da ke da ruwa, da mashigin kogi, da sarkin da za a biya fito, da watan da ya dace a tashi don kada damina ta rutsa da mutane a hanya. Hanyar Hajji ta ƙasa ma haka take, daga Kano zuwa Borno, a ratsa Chadi da Sudan har Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma su zauna can ba su dawo ba. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wato WAPA, suna kai maniyyata da motoci. Sunanta ne ya zauna wa unguwar Wapa da ke Fagge, inda har gobe ejan ke zuwa canjin dala da riyal. Daga baya gwamnati ta shigo sosai, har aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, a 2006, wadda ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi.

Nan ya kamata a fahimci matsayin ejan ƙauye. Lasisin yana hannun babban kamfani a Kano ko Abuja, wanda ya ajiye kuɗin jingina mai yawa, ya ƙulla yarjejeniya da takwaransa na Saudiyya. Ejan Kutama ko Getso ko Garo reshe ne, shi ke tattaro mutane ya miƙa wa kamfanin. Jarinsa ɗan shago ne, da tebur, da kwamfuta, da na'urar buga takarda, da farantin sola a kan rufi saboda wuta ba abar dogaro ba ce, sai wayar da ba ta rabuwa da data. Sai kuma kuɗin mota, domin hanyar nan da ta taso daga Gwarzo ta ratsa ƙasar Kabo da Rimin Gado ta shiga birni ta Kabuga, yakan bi ta sau da yawa a mako idan aiki ya kankama.

Aiki yana farawa ne daga fasfo, kuma a nan ake shan wahalar da ba a gani. Dattijo zai zo da katin ɗan ƙasa, a duba a ga sunansa Muhammadu a can, a banki kuma Mamman, shekarar haihuwa ta sha bamban a takardu biyu. Kwamfutar hukumar shige da fice ba ta san cewa duk garin sun san mutum ɗaya ne ba. Sai ejan ya fara da gyaran lambar NIN, a yi rantsuwa a kotu, a jira gyaran ya hau, sannan a cike fom, a biya, a sami ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu a Kano. Daga 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000, ninkin abin da ake biya kafin nan. Wanda yake da tsohon fasfo ma sai an duba, don in bai kai wata shida kafin ƙarewarsa ba, ba zai fita da shi ba. Bayan haka sai allurar rigakafin shawara da ta sanƙarau, da katin shaidar an yi.

Idan Hajji ne ta hannun hukumar jiha, aikin ejan bai wuce rakiya da cike takardu ba, tun da farashin kujera a bayyane yake. A 2025 maniyyacin wannan shiyya ta arewa ya biya sama da naira miliyan 8.4. A wannan shekarar Saudiyya ta ba Najeriya kujeru 95,000, aka ware 20,000 ga kamfanonin jirgin yawo. Ejan nagari kan nuna wa mai ƙaramin ƙarfi hanyar adashin gata, shirin tara kuɗin Hajji da hukumar alhazai ta buɗe da bankin Jaiz a 2020, maimakon ya sa shi jinginar da gonar gado. Na ga darajar wannan ƙwarai, domin ejan ba ya samun komai a kan wannan shawara, hasali ma ciniki yake saki.

A Umara ne gwanintar take fitowa, don nan ake haɗa komai da hannu. Mutum zai shigo ya zauna a kan benci ya ce, "Yaro, nawa ne Umarar azumi bana?" Ejan zai ce, "Baba, goman farko ko goman ƙarshe? Kai kaɗai ne ko da Hajiya? Ƙafarka tana iya tafiya mai nisa?" Ba surutu ba ne, kowace tambaya kuɗi ce. Goman ƙarshe na Ramadan masauki yakan ninka kuɗinsa, wani ma fiye da ninki. Otal ɗin da ke bakin Harami farashinsa daban da wanda ke can cikin Misfala ko Aziziyya, inda sai an hau bas. Matashi zai iya taka kilomita guda sau biyar a yini yana azumi, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa in aka sauke ta can, an rage mata kuɗi an kuma rage mata sallolin da ta tafi dominsu. Ejan da ya san aikinsa yakan rage kwanaki ya matso da ita kusa, ya fi a ba ta kwana ashirin tana zaune a ɗaki.

Sai jirgi. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano akwai mai tafiya kai tsaye zuwa Jidda ko Madina, akwai mai yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira. Mai zango yakan fi araha, amma wanda bai taɓa fita ba, ba ya jin Turanci ko Larabci, barinsa awa takwas a filin jirgin wata ƙasa shi kaɗai ganganci ne, sai dai a haɗa shi da ayari. Yadda aka tsara saukar ma yana taɓa ibada. Wanda ya fara da Madina zai huta, ya yi ziyara, sannan ya ɗauki harami a Zulhulaifa cikin natsuwa. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kuwa dole a gaya masa tun a gida ya shirya haraminsa kafin jirgi ya kai miƙati. Tsakanin Makka da Madina akwai tazarar kusan kilomita 450. Bas ya fi sauƙin kuɗi, jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 kuma yana cinye ta cikin awa biyu da ɗoriya. Shiga Rauda yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk, kuma ejan ne ke zama da wayar tsoho ya nema masa lokaci. Kafin tashi yakan tara mutanensa ya yi musu bita, ya maimaita abu biyu har su gaji da ji: kada a sa goro a jaka, kada kuma a karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko da ɗan uwa ne.

To ina ribar? Yawancin kamfanonin jiragen sama sun daɗe da zaftare kamashon da suke ba masu sayar da tikiti, don haka abin da ejan ke ci shi ne la'adar da babban kamfani ke ba shi a kan kowane mutum, da ɗan kuɗin aiki da yake ɗorawa. A kan miliyoyin da ke ratsa hannunsa, rabonsa ɗan ƙanƙane ne, kuma canjin kuɗi kan iya lashe shi a dare ɗaya. Shi da naira yake karɓa, amma otal da biza da tikiti da riyal da dala ake lissafa su. A ce tafiyar mutum guda dala 2,000 ce, ya karɓi kuɗi yau, kafin ya biya dala ta ƙaru da naira 100: giɓin naira 200,000 ke nan a kan mutum ɗaya, mutum goma miliyan biyu. Wannan ba labari ba ne ga wanda ya yi sana'ar bayan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Komawa wurin manomin da ya riga ya sayar da sansa a ce ya ciko abu ne mai nauyi, kuma da yawa sun gwammace su cike daga aljihunsu. Shi ya sa masu wayo ba sa barin kafin alƙalami ya kwana a asusu. Ana biya suke canzawa. Kafin wannan ma an sha ta annobar korona, lokacin da aka dakatar da Umara a 2020, aka yi Hajji biyu babu maniyyaci daga waje, ga kuɗin mutane maƙale a hannun kamfanoni.

Wata wahalar ta fi ta kuɗi ciwo. Idan biza ta makara, ko jirgi ya ɗaga tashi, ko wani babban kamfani ya ci amana, maniyyaci bai san kowa a Abuja ko Jidda ba. Ƙofar gidan ejan ya sani, nan zai yi sallama da asuba. Akwai kuma wanda zai tafi da sunan Umara ya ƙi dawowa, a ci kamfani tara mai nauyi, kamfanin ya juyo kan wanda ya kawo shi. 'Yan damfara da ke karɓar kuɗi su kashe waya sun ɓata wa sana'ar suna, kuma masu gaskiya ne ke biyan bashin. Maniyyaci yana da haƙƙin ya tambayi sunan kamfanin da ke da lasisi, ya biya ta asusun banki, ya karɓi rasit; ejan kirki shi da kansa yake fara miƙa waɗannan.

Jefi-jefi akan kawo masa aikin da ba na ibada ba. Malamin jami'a ko ɗan kasuwa da ya karanta tarihin Andalus zai ce yana son hutun mako biyu ya zaga Sifaniya, ya ga komai, har da filayen ƙwallon Madrid da Basalona. A nan ma aikin ejan shi ne ragewa. Ƙasar tana da faɗi, Basalona tana can arewa maso gabas, biranen tarihin Musulunci kuma suna kudu. Sai ya shimfiɗa masa hanya guda: a sauka Madrid, a hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa biyu, a wuce Ishbiliya, a ƙare a Garnaɗa, birnin da mulkin Musulmi ya ƙare a cikinsa a 1492. Tikitin shiga fadar Alhamra da ke Garnaɗa ana sayensa tun da wuri, kuma akwai sa'ar da aka rubuta a jiki. Wanda ya makara ya yi asara. Babban masallacin Ƙurɗuba da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785 yanzu majami'a ce, ana shiga kallo amma ba a barin Musulmi ya yi salla, kuma gara ya ji wannan tun a gida. A Garnaɗa kuwa akwai masallacin da aka buɗe a 2003 a tudun Albaisin, yana fuskantar fadar. Yuli da Agusta zafin kudu yakan haura digiri 40, don haka Afrilu ko Oktoba sun fi. Naman alade ya yawaita a abincinsu, sai an nemo masa wuraren halal a kowane zango. Bizar Turai ta Shengen kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024, ba a mayarwa in an hana, ana kuma neman inshorar lafiya ta yuro 30,000 da bayanan banki da shaidar masauki. Ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci, don haka ejan da ya ce ya tabbatar maka da bizar Turai ƙarya yake yi, kuma mai gaskiya ba ya bari a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Ba a makaranta ake koyon wannan aiki ba, a gindin wani ake koyonsa. Yaro kan fara da buga takardu da kai fasfo, ya koyi rubuta suna harafi da harafi yadda yake a fasfo, domin kuskuren harafi ɗaya a tikiti kan hana mutum hawa jirgi ko ya jawo kuɗin gyara. Daga nan ya koyi manhajar yankan tikiti, da lissafin canji, da ɗan Larabcin waya. Yanzu matasa masu wayar zamani sun fara yankar tikitinsu da kama otal da kansu, kuma wannan yana rage ciniki a birni. A ƙauye har yanzu ana son wanda zai raka mutum Kano, ya tsaya a awon kaya, ya amsa waya cikin dare idan tsohuwa ta ɓace wa ayarinta a Harami. Idan alhazai sun dawo aka gama rabon tsaraba da zamzam, kasuwa takan yi sanyi na wasu watanni. A lokacin ejan yana komawa cike wa ɗalibai fom ɗin JAMB, da gyaran NIN, da yankan tikitin Legas da Abuja, yana kuma bin jakunkunan da suka maƙale a Jidda har su iso hannun masu su.