Wurin Shan Iska a Bakin Gulbin Rima: Wane Itace Ya Dace?

Wurno tsohon gari ne. A nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan kuma aka yi masa makwanci a 1837. A irin wannan gari gida manne yake da gida, fili ya yi wuya. Idan ana son keɓe wa jama'a wurin shan iska, sai a dubi bakin gulbi, inda tsoron ruwa ya hana gini.

To, amma ruwan yana dawowa. Ambaliyar 2010, wadda ta ci gidaje da gonaki daga Goronyo zuwa ƙasa, ta isa shaida. Saboda haka tilas a shuka abin da zai jure nutsewa. Saiwa ma numfashi take yi. In ruwa ya cika 'yan ƙofofin ƙasa, iskar oksijin ta ƙare, sai ta ruɓe. Giyayya da bagaruwa kan yi makonni tsaye cikin ruwa ba su mutu ba. Jema kuwa, ko da yake ciyawa ce, saiwarta mai zurfi ta fi siminti araha wajen riƙe gaɓa. Magarya da tsamiya a kai su tudu.

Sanyin wurin ba na inuwa kaɗai ba ne. Ganye na fitar da danshi, danshin ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Sai dai fadama ba ta rasa mai ita ba. Manoman albasa da shinkafa suna nan, kuma da su za a fara shawara kafin a dasa itace ko ɗaya.