Jean Rouch da Fina-finansa a Ƙasar Nijar

Ɗalibin da ke nazarin tarihin fim a ƙasar Hausa yakan fara ne da majigin Turawan mulkin mallaka, sannan ya gangaro zuwa fim ɗin Shaihu Umar na 1976 da fina-finan bidiyo na Kano. Sai dai a ƙetaren iyaka, wato Nijar, akwai wani Bafaranshe mai shirya fim da ya kamata a san shi. Shi ne Jean Rouch.

An haife shi a birnin Faris a shekarar 1917. Asali injiniya ne, kuma aikin gina hanyoyi ne ya kai shi Yamai a 1941, inda ya haɗu da Damouré Zika, wani Basarke da ya zama amininsa kuma jarumin fina-finansa da dama. Tsakanin 1946 da 1947, Rouch da abokansa biyu sun bi Kogin Kwara a kwale-kwale tun daga ƙasar Gini har teku. Ke nan sun ratsa ƙasar Yawuri da ke Jihar Kebbi a yau. A wannan tafiya ce ya ɗauki fim ɗinsa na farko a kan farautar dorina. Da ƙafafun kyamararsa suka salwanta a hanya, tilas ya riƙe ta a hannu yana bin mafarauta. Wannan larura ita ce ta zame masa salo.

Fim ɗin da ya fi jawo masa suka shi ne Les Maîtres fous na 1955. Ya nuna 'yan ci-ranin Nijar a Gana suna wani nau'in bori mai suna Hauka, inda suke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa. Hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta haramta shi, wasu 'yan bokon Afirka kuma suka ga ƙasƙanci ne gare su. Daga baya Ousmane Sembène na Sanagal ya zarge shi da kallon 'yan Afirka tamkar ƙwari. Zargin ba ya rasa tushe, domin a wannan fim Rouch ne kaɗai yake yi wa mai kallo bayani.

A fim ɗin Moi, un noir na 1958 kuwa ya sauya hanya. Ya bar Oumarou Ganda, wani tsohon soja ɗan Nijar mai leburanci a Abijan, ya kalli hotunan da aka ɗauka ya ɗora maganarsa a kansu, yana faɗin ƙuncinsa da burinsa da bakinsa. Daga nan Ganda ya zama mai shirya fim, har ya lashe babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972.

Rouch ya shirya fina-finai fiye da ɗari. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, daura da Illela, ranar 18 ga Fabrairu, 2004, yana da shekara 86. An binne shi a Yamai.