Siririyar Laftof: Me Aka Cire Mata Kafin Ta Rame?

Da zarar 'yan ND II da HND II sun fara shirin furojet, tambayar da ta fi yawo a hostel ita ce: wace laftof zan saya? Da yake ina sashen injiniyan kwamfuta, kuma na yi SIWES ɗina a shagon gyaran kwamfuta, abokai kan turo min hoton wadda suka gani a kasuwa su ce in duba musu. Kusan kullum siririya ce, mai sheƙi, shafal kamar littafin rubutu. Ban ga laifinsu ba, ai kowa na son abu mai kyau. Sai dai kuɗin laftof a yau ba ƙaramin abu ba ne. Wani sai an sayar da dabba a gida, wata sai yayanta ya ci bashi, kuma wadda ka saya yanzu ita za ta kai ka har bautar ƙasa, wataƙila har aikinka na farko. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna batun a nan.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, sirantar nan biyanta ake yi. Duk milimitar da aka rage a kaurin laftof, akwai abin da aka cire. Wuraren da suka fi shan wuƙa su ne hanyar fitar da zafi, ramukan jona kayan aiki, da damar gyara ta ko ƙara mata ƙarfi nan gaba. Ko asarar ta yi yawa ko ba ta yi ba, irin aikinka ne zai faɗa.

Inda gasar ta samo asali

A watan Janairun 2008 Steve Jobs ya hau dandali a Amurka ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan ɗin takardu. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Don ta shiga ambulan ɗin, an cire mata wurin saka faifan CD da ramin kebul ɗin intanet, aka bar mata ramin USB guda ɗaya tal. Jama'a suka so ta. A 2011 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ya kira Ultrabook don masu ƙera kwamfutocin Windows su ma su yi irinta. Daga nan sirantar ta zama abin talla, har ta tsallaka zuwa kwamfutocin da ake yi wa masu zane, injiniyoyi da masu haɗa bidiyo. A nan ne rigimar ta fara, domin bukatar waɗannan mutane daban take da ta mai buɗe imel.

Zafi

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, lantarki yake ci, kuma duk abin da ya ci zafi yake komawa. Dole zafin ya fita. Aikin bututun jan ƙarfe da fankar da ke cikin laftof ke nan: bututun ya kwaso zafin, fanka ta hura shi waje. Idan jikin laftof ya sirance, bututun ya ƙanƙance, fanka ta ƙanƙance, ƙofar iska ma ta tsuke. Da zarar firosesa ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, a shago ba za ka ga wannan ba. Ka buɗe Word, ka buɗe Chrome, komai fit-fit, domin aikin daƙiƙa biyu ne, kafin zafi ya taru an gama. Sai ranar da ka sa ta fitar da hoton gini a Revit, ko ta haɗa bidiyon minti talatin, ko ta yi doguwar lissafi a MATLAB, sannan za ka ji fanka na kuka, aikin kuma na jan ƙafa. A 2018 an ga haka a bainar jama'a. Apple ya saka firosesa Core i9 a siririyar MacBook Pro, masu gwaji suka nuna cewa idan aiki ya yi tsawo gudunta na faɗuwa ƙasa da abin da aka rubuta. Kamfanin ya ce kuskuren manhaja ne, ya fitar da gyara, amma darasin ya zauna: sunan firosesa ba ya gaya maka ƙarfin da zai iya riƙewa a cikin matsattsen jiki.

Mu kuma a nan akwai ƙarin magana. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da kwamfutocinsa inda zafin wuri yake tsakanin digiri 10 zuwa 35. To, wanda ya yi watan Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maiduguri ya san ana haura 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙofar iska, ga al'adarmu ta ɗora laftof a kan katifa. Injin da da ma numfashinsa da ƙyar yake, ya za ka ga ya ƙare?

Akwai hanya mai sauƙi ta gane irin firosesan da ke ciki. A na Intel, duba harafin ƙarshe. Mai U, kamar i5-8250U, an tsara shi ya ci wajen wat 15, shi ake sakawa a sirara. Mai H, kamar i7-8750H, wajen wat 45 ne, shi ya sa yake bukatar jiki mai kauri da fanka ta gaske. Kada kuma kalmar "Core i7" ta ɗauke muku hankali. i7-7500U ƙwayoyin aiki biyu gare shi, alhali i5-8250U huɗu gare shi. Na sha ganin wanda ya ƙara kuɗi don ya samu i7, ya tafi gida da wanda bai kai i5 ɗin ba.

Ramukan jona kaya

A 2016 Apple ya cire wa MacBook Pro ramin USB na gargajiya, ya cire HDMI da wurin katin kyamara, ya bar USB-C kawai. Wasu kamfanoni suka bi sahu. A takarda abin da kyau: rami ɗaya ya yi caji, ya kai hoto, ya ɗauki bayanai. Amma ku dubi abin da muke jonawa a wannan makaranta. Majigin ɗakin lakca HDMI ne ko VGA. Fulash ɗin da za ka kai wurin buga takardu mai babban baki ne. Allon Arduino na 'yan lantarki, firinta, kebul ɗin intanet na ɗakin gwaji, kusan duk tsofaffin ramuka suke nema. Mai siririyar laftof dole ya riƙa yawo da adafta, kuma ranar kare furojet ita ce ranar da adafta ke ɓata ko ta ƙi aiki. Idan ka haɗa nauyin adafta da kuɗinta, wani ɓangare na sauƙin da ka saya ya koma.

Gyara da ƙari

Wannan ne ya fi damuna, don shi ke cin aljihu daga baya. A laftof mai ɗan kauri, RAM a rami yake, ka zare ka saka babba. A yawancin sirara an liƙe shi da dalma a jikin bod, saboda ramin na cin wuri. Idan ka saye ta da 8GB, da 8GB za ku rabu. Kamfanonin da ke yin SolidWorks da Revit kuwa 16GB ko fiye suke ba da shawara. Ɗalibin da ba shi da kuɗin 16GB yau zai iya sayen mai rami ya ƙara baɗi. Wanda ya sayi liƙaƙƙiya, sai dai ya sayar da ita gaba ɗaya.

Wasu har ma'ajiyar bayanai, wato SSD, a liƙe take. Ma'anar haka, idan wutar NEPA ta dawo da ƙarfi ko caja ta jabu ta kashe bod, babi huɗu na furojet ɗinka na ciki kuma fitar da su sai an sha wuya, in ma ya yiwu. A mai SSD na cirewa, mai gyara zai zare ya saka a wata kwamfutar cikin minti goma. Batir ma a sirara da yawa da gam ake manna shi.

Kibod bai tsira ba. Daga 2015 Apple ya yi amfani da wani siririn tsari mai kama da fukafukin malam-buɗe-littafi. Ƙwayar ƙura ɗaya kan iya sa harafi ya maƙale ko ya riƙa maimaita kansa, kuma gyaran yakan kai ga canja saman kwamfutar duka. Masu saye suka kai ƙara a Amurka, a 2022 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 50. Tun kafin nan ya koma tsohon tsarin kibod, sannan a 2021 ya fitar da MacBook Pro da ta fi ta baya kauri da nauyi, ya dawo da HDMI da wurin katin kyamara. Ni a wurina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Kamfanin da ya jagoranci gasar sirantar shi ne ya ja da baya a kwamfutar da yake yi wa ƙwararru.

Sirara ma na da nasu

Kada a ce na yi son kai. Wanda ke taka ƙafa daga bakin get zuwa sashensa da rana tsaka ya san bambancin kilo ɗaya da ɗoriya da kilo biyu da rabi, balle a haɗa da ƙatuwar caja. Sannan firosesan da ba ya cin wuta da yawa yana sa batir ya daɗe. Manyan laftof masu katin zane na daban, idan aka ɗauke wuta, 'yan awoyi kaɗan suke yi, kuma ba a batir suke nuna cikakken ƙarfinsu ba. Ba za a iya yi musu batir yadda aka ga dama ba, domin dokar jiragen sama ta sa masu ƙera su ba sa wuce ma'aunin 100Wh. Siririya mai caji ta USB-C kuwa, fawa-bank mai ƙarfi zai iya tayar da ita. A hostel ɗin da wuta ke zuwa da tsakar dare ta tafi kafin asuba, wannan babbar riba ce.

Fasahar ma ta matsa gaba. A ƙarshen 2020 Apple ya fito da nasa firosesan mai suna M1, ya saka shi a MacBook Air da ko fanka babu, kuma tana aikin da a da sai babbar kwamfuta. Ita ma idan aiki ya yi tsawo takan rage gudu, RAM ɗinta kuma ba ya ƙaruwa, amma gibin ya ragu sosai. Sai dai 'yan zanen gini, kanikanci da safiyo su kula: Revit, SolidWorks da ArcGIS Pro na Windows ne, ba su da na Mac. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Framework ya nuna tun 2021 cewa ana iya yin siririyar laftof da ake kwancewa da sukundireba a canja RAM, batir har da ramuka. Ke nan wani liƙin zaɓin kamfani ne, ba dole ba ne.

To, wa ya kamata ya sayi wace?

Idan aikinki rubutu ne, Excel, binciken intanet, SPSS, ko koyon gina shafukan yanar gizo, siririya ta ishe ki, kuma za ki ji daɗin batirinta. Ki dai dage ki samu 16GB tun farko in RAM ɗin a liƙe yake. 'Yan akanta, kasuwanci, OTM da mafi yawan 'yan kimiyyar kwamfuta suna nan.

Idan kuwa aikinka irin wanda kwamfuta ke ɗaukar rabin awa tana nishi ne, kamar zanen 3D, taswira mai nauyi ko haɗa dogon bidiyo, a ganina siririya ta sadaukar da abin da ya fi ƙarfin ribarta. Nemi mai firosesa H da katin zane na daban, ka haƙura da nauyin.

Akwai kuma tsaka-tsaki, wadda mafi yawanmu za mu iya: kwamfutocin ofis na hannu da ake samu a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja. Irin su ThinkPad T480 da HP EliteBook 840 G5 suna da ramin RAM biyu, SSD ɗinsu na cirewa ne, ga HDMI da ramin kebul ɗin intanet, kuma masu gyara sun san su. Ba za su yi maka babban zanen 3D cikin sauri ba, amma za su ɗauki AutoCAD na zanen fili, Proteus da MATLAB na aji, kuma in wani abu ya lalace akwai kayan gyara.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa mai shago ya buɗe bayanta, ko ka nemi lambar samfurin a intanet, ka ga ko RAM da SSD na cirewa ne. Ka ƙirga ramukan, ka tuna da majigin sashenku. Ka sa ta aiki mai nauyi na minti goma sha biyar, ka buɗe Task Manager ka ga ko gudun firosesa na zubewa, ka taɓa ƙasanta ka ji. Ka kuma tabbatar firosesan Intel ɗin daga zubi na 8 ne zuwa sama, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan waɗanda suka girmi haka a hukumance.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce da yawanmu ba mu san rariya muke saya ba sai an shiga makon miƙa furojet. In kana shakka, je ka sashenku ka tambayi 'yan HND II manhajar da ta fi wahalar da kwamfutocinsu, ka rubuta sunanta, ka tafi kasuwa da takardar a aljihu.