Darɓa: Ƙaramin Ƙwaro Mai Babbar Ɓarna

Duk lokacin da na kai ɗalibaina gonar gwaji, nakan sa su juya ganyen wake su duba. A nan baƙin ƙwaron darɓa, wanda masana ke kira Aphis craccivora, yake yin cincirindo yana tsotse ruwan tsiro.

Tsawonsa kimanin milimita 2 ne kacal, amma yaɗuwarsa abar tsoro ce. A ƙasashe masu zafi irin namu, macen ba ta buƙatar namiji, kuma ba ta yin ƙwai. 'Ya'ya mata take haifa, waɗanda cikin kusan mako guda su ma za su fara haihuwa. Idan cunkoso ya yi yawa, sai masu fukafukai su bayyana, iska ta kwashe su zuwa gonar maƙwabci.

Ta bakinsa cutar rozet mai tsumburar da gyaɗa take yaɗuwa. A 1975, annobarta ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Nijeriya.

Shawarata ga manoma: a yi shuka da wuri kuma kusa-kusa, a nemi irin Samnut mai jure cutar daga Samaru, sannan a rage feshin ganganci, domin yana hallaka ƙwarin da ke cinye darɓar.